Amlodipine, Lisinopril ko Moduretic: Wane Maganin Hawan Jini Ya Dace da Jikinka?

A ɗakin kawuna da ke Pantami, cikin garin Gombe, akwai wani gwangwanin madara da ke zaune a kan taga, kuma ranar da na juye shi a kan tabarma sai na tarar da maganin hawan jini iri huɗu a ciki, wani katinsa cikakke, wani kuma an yayyanka katin da almakashi har rabin sunan ya tafi. Guda ɗaya ne kaɗai likita ya rubuta masa, wato Lisinopril. Moduretic abokin sahunsa na masallaci ne ya ba shi domin ya ce ya ga amfaninsa, Atenolol wani mai kemis ne ya miƙa masa a madadin nasa ranar da ya je bai samu ba, Aldomet kuwa ragowar wanda matarsa ta sha ne lokacin da take da cikin autansu, har kwanan watansa ya wuce. Na ce, "Kawu, a cikin waɗannan wanne kuke sha?" Ya ce, "Wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi mana, ɗana. Ai duk na hawan jini ne."

Gaskiya ne duk na hawan jini ne, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Wani yana sassauta jijiyoyin jini su buɗe, wani yana tare wani sinadari da ke sa jijiyoyin su tsuke, wani yana fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, wani kuma yana rage wa zuciya gudu. Saboda haka ne wanda ya karɓi maƙwabcinka zai iya kwantar da kai, domin zaɓin ya rataya ne a kan abin da ke jikin mai sha: ko yana da ciwon suga, ko ƙodarsa ta fara gajiya, ko mace ce mai ciki ko wadda za ta iya ɗauka, ko yana da asma, ko zuciyarsa ta taɓa samun matsala. Hukuncin ƙarshe na likita ne, amma majinyacin da ya san bambancin waɗannan ƙwayoyi shi ne yake iya faɗa wa likita abin da zai taimake shi ya zaɓa daidai. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya iya gane su idan ya gani.

Kafin a kai ga ƙwaya, sai an tabbatar da ciwon, kuma ba a tabbatar da shi da ciwon kai ko jiri ko rashin barci, domin hawan jini kisan mummuƙe yake yi, mutum yana iya shekaru da shi bai ji komai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta masu ɗauke da shi da kusan mutum biliyan 1.3, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai ya sauko da jininsa inda ake so. Awo ne kaɗai shaida. Idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, to akwai hawan jini. Amma awon ma yana da sharaɗi: mutum ya zauna minti biyar bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, bai ci goro ko ya sha sigari ba cikin rabin awar da ta wuce, kuma ba ya magana. Wanda zai sayi na'ura ta gida, shawarata ya sayi wadda ake ɗaurawa a damtse, domin ta wuyan hannu da zarar hannun ya ɗan ɗaga ko ya sauka daga saitin zuciya sai lambar ta kauce. Mai kaurin damtse kuma ya nemi babban maɗauri, saboda ƙarami yana nuna lambar da ta fi ta gaskiya.

Abin da ya fi damuna a gwangwanin Kawu shi ne, maganin da ya fi cancanta a fara da shi ga yawancinmu babu shi a ciki. Wannan magani shi ne Amlodipine. Aikinsa sassauta tsokar da ke jikin bangon jijiyoyi, sai su buɗe, jini ya wuce ba tare da tursasawa ba. Galibin baƙar fata jikinsu yana riƙe gishiri, kuma irin hawan jininsu ya fi jin wannan rukuni da rukunin masu sa fitsari fiye da yadda yake jin Lisinopril shi kaɗai. Ana shan miligiram 5 ko 10 sau ɗaya a rana, kuma yana daɗewa a jiki, domin sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, saboda haka wanda ya makara da 'yan awoyi jininsa ba zai tashi nan take ba. Ba ya taɓa suga, ba ya tayar da asma, ba ya bushe jiki a lokacin zafi, sannan ba ya buƙatar a riƙa gwajin jini a kai a kai kamar sauran, abin da ke da matuƙar muhimmanci ga mutumin Dukku ko Nafaɗa ko Ningi da ɗakin gwaji ya yi masa nisa. Tsarin maganin hawan jini da ake bi a cibiyoyin lafiya na matakin farko a Najeriya ma da shi yake farawa, a miligiram 5.

Aibinsa da aka fi kuka da shi kumburin ƙafa ne, musamman idan an kai miligiram 10, kuma ya fi samun mata. Wasu kuma sukan ji ciwon kai ko ɗumin fuska a makon farko, kaɗan daga cikin masu sha kuma dasashinsu yakan yi kauri. A nan ne mutane da yawa suke tsorata su ajiye maganin, suna zaton ƙoda ce ta lalace, don haka ya kamata a san yadda ake rarrabe kumburi. Na Amlodipine yana tsayawa a idon sawu, ƙafa biyu, ya fi fitowa da yamma bayan doguwar tsayuwa ko zaman kasuwa, da safe kuma ya sace, sannan numfashi lafiya lau. Kumburin da ke zuwa tare da haki, mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matasai ko ya kwana a zaune, ya riƙa farkawa cikin dare yana neman iska, wannan alamar gazawar zuciya ce, kuma hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba yana kan gaba wajen jawo ta a ƙasashenmu. Wanda kuma ya zo da kumburin fuska da safe da fitsari mai kumfa, ƙoda za a duba. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce tak ta kumbura, sha-raɓarta tana zafi da ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jinya a kwance ko haihuwa, ana tsoron gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma bai kamata a murza ta ba, asibiti za a nufa a ranar. Kumburin Amlodipine ba ya jin Lasix, wato ƙwayar da ke fitar da ruwa ta fitsari, sosai; abin da likita yakan yi shi ne ya rage shi zuwa miligiram 5 ya haɗa masa Losartan ko Lisinopril, sai kumburin ya ragu, jinin kuma ya ƙara sauka.

Nifedipine ɗan'uwan Amlodipine ne, kuma irin wanda ke narkewa a hankali yana aiki mai kyau. Wanda ake gudu shi ne mai saurin aiki da wasu suke fasawa a ƙarƙashin harshe idan sun ga lamba ta hau, domin faɗuwar jini farat ɗaya tana iya hana ƙwaƙwalwa da zuciya samun rabonsu.

Lisinopril da danginsa, irin su Enalapril da Ramipril da Perindopril, suna hana jiki haɗa sinadarin da ke tsuke jijiyoyi. Idan saukar da lamba kawai ake nema ga baƙar fata, shi kaɗai bai kai Amlodipine ba. Darajarsa tana wani wuri ne: yana rage matsin da ke kan matatar ƙoda, saboda haka ga mai ciwon suga wanda aka ga furotin a fitsarinsa yana jinkirta lalacewar ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san abin da jinkirin shekara ɗaya ma yake nufi ga iyali. Haka nan yana ƙara wa mai gazawar zuciya da wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa kwanaki cikin lafiya da yardar Allah. Kawu yana da suga, kuma wannan ne dalilin da ya sa aka rubuta masa shi tun farko. Zaɓin likitan daidai ne.

Abin da ba a faɗa masa ba, ko aka faɗa bai riƙe ba, shi ne tari. Wata uku ya yi yana wani busasshen tari marar majina, mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, wanda ya fi tsananta idan ya kwanta, har ya daina tsayawa a sahun gaba da asuba don kada ya dami liman. An sha ruwan maganin tari kwalba-kwalba, an sha zuma da lemon tsami da citta, an kai ga gwajin tarin fuka aka ce babu. Ranar da muka koma asibiti na ɗauki gwangwanin gaba ɗaya na ajiye a gaban likita. Ya ɗaga katin Lisinopril ya ce, "Baba, tun yaushe kuka fara wannan, kuma tun yaushe tarin ya fara?" Da aka lissafa sai aka ga tsakaninsu makonni kaɗan ne. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu shan wannan rukuni yana samun irin wannan tari, kuma babu maganin da ke tsayar da shi sai an canza ƙwayar, bayan nan yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya ɗan zarce.

Wanda ake komawa gare shi shi ne Losartan, ko Valsartan ko Telmisartan. Suna kare ƙoda da zuciya kamar Lisinopril, amma da wuya su sa tari, kuma a ganina wanda aljihunsa zai iya ɗauka gara ya roƙi likita a fara masa da su. Akwai wani dalilin da ya fi tari nauyi: rukunin Lisinopril yakan sa leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura ba zato, abin ba ya yawan faruwa amma ya fi samun baƙar fata, kuma idan ya faru ana dakatar da maganin a garzaya asibiti, ba a sake komawa gare shi har abada. Sai dai rukunan biyu sun haɗu a kan sharuɗɗa uku masu tsauri. Ba a haɗa Lisinopril da Losartan a sha tare. Suna ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, wanda idan ya yi yawa yake rikita bugun zuciya, don haka ana gwada ƙoda da fotasiyam kafin a fara da kuma mako ɗaya zuwa biyu bayan an fara, kuma wanda gudawa da amai suka kama ya dakata da su har ya koma ci da sha, ya sanar da likita. Na uku kuwa shi ne wanda nake so kowace mace da kowane miji su riƙe: waɗannan magunguna suna lalata ƙodar ɗan tayi, suna iya kashe shi. Matar da ba ta daina haihuwa ba, kuma ba ta kan tsarin tazara, bai dace a ɗora ta a kansu ba, wadda kuma ta ga batan wata tana shansu ta je asibiti a canza mata ba tare da jira ba.

Sai rukunin masu sa fitsari, wanda a nan aka fi saninsa da Moduretic. Tsoho ne, mai araha ne, kuma yana aiki ƙwarai a jikinmu, domin gishirin da jiki ya riƙe shi yake kora. Tushensa Hydrochlorothiazide ne, kuma abin da ake buƙata don hawan jini miligiram 12.5 zuwa 25 ne, alhali cikakkiyar ƙwayar Moduretic tana ɗauke da 50, shi ya sa sau da yawa likita yakan ce a sha rabi. Wanda ya ga ƙwayar ƙarama ce ya haɗiye ta ɗungurungum ba ƙarin lafiya ya samu ba, ƙarin illa ya ɗauka. Illolin kuwa sanannu ne: yana iya rage gishirin jini har tsoho ya rikice ko ya riƙa faɗuwa, yana ɗan ɗaga suga, yana tayar da ciwon nan da ke kama gaɓar babban yatsan ƙafa ta kumbura ta yi ja, kuma wasu maza sukan ga rauni a wajen iyali. Wannan na ƙarshe kunya ke hana a faɗa, sai mutum ya ajiye magani shiru ya koma ga masu maganin maza, alhali hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ma yana kashe wannan ƙarfi, kuma da ya buɗe baki ya faɗa wa likita da an sauya masa zuwa Amlodipine ko Losartan. A cikin Moduretic akwai kuma Amiloride, wanda yake riƙe fotasiyam, don haka haɗa shi da Lisinopril ba tare da gwajin jini ba, ga mutumin da suga ya riga ya taɓa ƙodarsa, ganganci ne. Abin da Kawu yake yi ke nan bai sani ba.

Yanayinmu ma yana da ta cewa a wannan zaɓi. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe da Bauchi yakan kai digiri 40, kuma manomi ko birkila ko ɗan acaɓa da ke yini a rana yana zubar da gumi, idan ya ƙara da ƙwayar fitsari yana iya miƙewa jiri ya kwashe shi. Haka mai azumi. Yawancin masu hawan jini suna iya azumi lafiya, musamman masu shan ƙwaya sau ɗaya a rana, amma ƙwayar fitsari an fi so a mayar da ita bayan buɗa-baki, wani lokaci a rage ta, kuma wannan magana ce da ake yi da likita tun a Sha'aban.

Mutane da yawa ƙwaya ɗaya ba ta isar su, kuma wannan ba alamar ciwon ya gagara ba ne. Biyu a ƙaramin ma'auni sun fi ɗaya a babban ma'auni aiki da ƙarancin illa. A kan wace haɗuwa ta fi, muna da hujja daga cikin gida. A 2019 aka wallafa binciken da ake kira CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, inda aka bi baƙaƙen fata 728 a ƙasashe shida na Afirka har wata shida. An gwada Amlodipine da Hydrochlorothiazide, da Amlodipine da Perindopril, da kuma Perindopril da Hydrochlorothiazide, sai aka ga haɗin biyun da ke da Amlodipine a ciki sun fi na ukun saukar da jini. Ma'anar wannan ga majinyaci ita ce, idan za a haɗa masa biyu, akwai dalili mai ƙarfi da zai sa Amlodipine ya zama ɗaya daga ciki, abokin tafiyarsa kuma yanayin jiki ne zai nuna shi: mai suga ko ciwon ƙoda ya samu Losartan ko Lisinopril, wanda ba shi da su kuma kuɗi ya yi masa ƙaranci ya samu na fitsari. Idan akwai ƙwaya ɗaya da ta haɗa biyun, ta fi sauƙin tunawa.

Atenolol da danginsa, Bisoprolol da Carvedilol, suna rage gudun zuciya da ƙarfin bugunta. A yau ba da su ake fara maganin hawan jini zalla ba, domin ba su kai sauran kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki ba. Inda suke da muhimmanci shi ne ga wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, ko mai ciwon ƙirji idan ya yi tafiya, ko mai bugun zuciya da sauri ba tsari, sannan Bisoprolol da Carvedilol suna cikin ginshiƙan maganin gazawar zuciya. Suna iya shaƙe mai asma, suna ɓoye wa mai suga rawar jiki da bugun ƙirji da ke gargaɗinsa cewa sugansa ya faɗi, kuma ba a yanke su rana ɗaya, domin zuciya tana iya zabura. Mai kemis ɗin da ya ba mai suga Atenolol a madadin Lisinopril ya canza masa magani ne gaba ɗaya.

Aldomet kuwa gurbinsa ciki ne. Yana sa barci da kasala, ana shansa sau biyu ko uku a rana, don haka namiji ko macen da ba ta da ciki ba su da dalilin zama a kansa alhali ga waɗanda suka fi shi. Amma ga mai juna biyu, shi da Labetalol da Nifedipine mai narkewa a hankali su ne aka amince da su. Mai cikin da ya wuce mako 20, idan jininta ya hau, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi, ga kumburin fuska da hannu ko ciwo a saman ciki, tana bakin jijjiga ne, kuma abin da take buƙata gadon asibiti ne da allurar da ke hana jijjigar, ba ƙarin ƙwaya a gida ba. Bayan haihuwa ma ba a saki jiki. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi samun gazawar zuciyar masu jego a duniya, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yadda kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suke ƙara wa zuciyar mai jego nauyi, domin kanwa gishiri ce. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki idan ta ɗauki jariri, tana tari idan ta kwanta, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi. Hoton zuciya take buƙata.

Akwai ƙwayoyi biyu da suke yawo a cikin ledar masu hawan jini alhali ba maganinsa ba ne. Vasoprin asfirin ne mai miligiram 75, aikinsa hana jini yin guda, kuma yana da amfani ga wanda jijiyar zuciyarsa ko ta ƙwaƙwalwarsa ta taɓa toshewa. Amma ba ya saukar da jini ko kaɗan, kuma ga wanda jininsa ke sama ko mai gyambon ciki yana iya jawo zubar jini. Lasix kuma na masu gazawar zuciya ne da ciwon ƙoda, waɗanda ruwa ya taru a jikinsu. A gefe guda akwai masu rushe aikin maganin: Diclofenac da Ibuprofen da ake sha kullum don ciwon gwiwa da baya suna ɗaga jini suna gajiyar da ƙoda, haka ma Dexamethasone da wasu ke sha don su yi ƙiba.

Ana yawan tambaya game da zoɓo da tafarnuwa da zogale. Zoɓo marar sukari an gwada shi an ga yana ɗan rage lamba, kuma ban ga laifin shansa ba, amma ɗan ragin nan ba zai sauko da mai 170 zuwa inda ake so ba, kuma ba a san ma'aunin da ke cikin kofin yau da na gobe ba. Abin da ya fi shi tasiri a cikin tukunya yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da dunƙulen miya da yajin tsire da kilishi da kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka. Gidan da ya rage waɗannan, kowace ƙwaya da aka ambata a sama za ta fi yin aiki a jikin mai shanta.

Kuɗi ma yana cikin zaɓi, kuma babu kunya a gaya wa likita abin da za a iya saya kowane wata, domin magani mai araha da ake sha kullum ya fi mai tsada da ake sha mako biyu a huta mako biyu. Amlodipine da Lisinopril da na fitsari duk ana samunsu daga kamfanoni da yawa a farashi mai sauƙi; a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a saya a famasi mai rajista, a ajiye nesa da rana, ba a kan taga ko cikin mota ba. Wanda ke cikin shirin taimakekeniyar lafiya na GoHealth a Gombe ko BASHCMA a Bauchi ya tambayi waɗanda shirin ya ƙunsa. Kuma saukar lamba ba warkewa ba ce, alama ce cewa maganin yana aiki. Ana komawa awo duk wata har a kai ƙasa da 140 bisa 90, ko ƙasa da 130 ga mai ciwon zuciya ko suga ko ƙoda, daga nan sai duk wata uku zuwa shida.

Akwai lokacin da ba a tsayawa zaɓen ƙwaya. Idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, ba iska ba ce, kuma addu'a ana yin ta a cikin mota a hanyar asibiti. A lura da lokacin da abin ya fara, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu domin yana iya shaƙewa, kada a ba shi Vasoprin, domin sai hoton ƙwaƙwalwa ne zai nuna ko toshewa ce ko fashewar jijiya, kuma allurar da ke narkar da gudan jini tana da amfani ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Haka nan nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, mai tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi da tashin zuciya, wanda ya wuce 'yan mintoci, kada a ce olsa ce a tsaya shan farin ruwan magani. Mata da masu suga ma wani lokaci haki da kasala kawai suke ji. Lambar da ta kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji ko rikicewa ko dushewar gani ita ma ta gaggawa ce. A irin wannan hali asibiti mafi kusa za a fara nufa, daga nan a miƙa zuwa inda likitocin zuciya suke, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

A ranar da muka kai gwangwanin, likita ya sa aka gwada ƙodar Kawu da fotasiyam da fitsari, ya karɓe Moduretic da Aldomet, ya tambayi sau nawa ya sha Atenolol kafin ya ce a bar shi, sannan ya rubuta masa Amlodipine miligiram 5 da Losartan miligiram 50, ya ce a dawo bayan mako biyu a sake gwajin jini. Tarin ya ɗauke kafin wata ya cika. Yanzu katunan biyu suna cikin aljihun jakar da yake ajiye Alƙur'aninsa, yana sha bayan ya dawo daga sallar asuba, kuma 'yarsa tana auna shi duk Juma'a da safe ta rubuta a wani ɗan littafi da ake tafiya da shi asibiti. Awon makon jiya 132 bisa 80 ne, kuma likita ya ce idan lambar sama ba ta sauka ƙasa da 130 ba zuwa wata mai zuwa zai ƙara masa Losartan.